Hinda a Babi na Tara

Montevideo, 6 ga Maris, 1989

Zuwa ga Kawu Fishel,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ba ka san ni ba, amma ni na san rubutun hannunka tun ina ƙarama. Sunana Zulema, 'yar Rebeka, jikar yayarka Bayla. Duk sabuwar shekara katinka yakan iso daga Sosúa, can tsibirin da kake zaune, da layi ɗaya tak, ni ce nake ɗauko shi in hau wa Kaka da shi bene.

Kawu, sai haƙuri. Kaka Bayla ta rasu ranar 11 ga Fabrairu a kan gadonta. Ciwon zuciya ne, ba ta daɗe tana jinya ba. Mahaifiyata ta riga ta da shekara huɗu, aurena kuma ya mutu tuni, don haka ni kaɗai ce a gidan yanzu. Har yau in na dafa shayi sai in ga na ajiye kofi biyu.

Ina koyar da adabi a makarantar sakandare, kuma na fara rubuta littafin labari a kan Hinda, 'yar'uwarku da ta zauna a Poland lokacin da Kaka ta hau jirgin ruwa zuwa nan a 1929. Abin da na sani game da ita bai cika tafin hannu ba: tana ɗinki, kuma Jamusawa sun tafi da ita a 1942 tare da sauran Yahudawan garinku. Duk sanda na tambayi Kaka sai ta tashi ta kama wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Kai kaɗai ka rage da ya san muryarta. Za ka yarda ka taimaka mini?

Jikar yayarka,
Zulema

Sosúa, 22 ga Afrilu, 1989

Zulema,

Na gode da gaisuwa. Takardarki ta yi sati biyar a hanya, wanda a nan sauri ne. A tsaye na karanta ta a gidan waya, sai na nemi benci. Ashe Bayla ta tafi. Shekarata takwas sanda ta bar gida, ta ce in ban yi kuka ba za ta aiko mini da lemo daga Amurka, haka muke kiran duk ƙasar da ke hayin teku. Ban yi kukan ba.

Lafiyata da sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi ni, idon dama ya fara yana. Matata Ercilia ta rasu shekara shida ke nan. Ɗana Daniel yana New York, yakan bugo waya ya tambaye ni ko ina shan magani, in ce ina sha, ya ce ƙarya nake, mu yi sallama. Na bar aikin cuku tuntuni. Da safe in ci dakakkiyar ayaba da albasa, da yamma in je mu buga domino da Egon, wani tsoho ɗan Vienna mai ha'inci. Mutanen nan Don Felipe suke ce mini, Fishel yana maƙale musu a harshe. Ke ce ta farko cikin shekaru masu yawa da ta rubuta sunana daidai.

Batun littafi kuwa, ki rubuta abin da kika ga dama, Malama. Ni mai cuku ne, ban san littafi ba.

Ki rage kofin nan ya zama ɗaya, wanke-wanke zai yi miki sauƙi.

Fishel

Montevideo, 4 ga Yuni, 1989

Kawu abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, ya gwiwa? Nan sanyi ya shigo, iskar kogi tana kaɗa tagogi. Mura ta kama ni amma ta wuce.

Ba ka san irin murnar da na yi ba da ka ce in rubuta abin da na ga dama. Wata biyu ina tsoron za ka hana, ga shi ka sakar mini hannu. Ranar da takardarka ta zo na zauna gaban tafireta na buga shafi goma sha ɗaya.

To ga tambayoyina, ka amsa wanda ya sawwaƙa. Doguwa ce ko gajera? Tana da saurayi? Tana waƙa? A cikin littafin na mai da ita mai sanyin hali, mai magana a hankali, irin wadda yara ke bi a unguwa. Na yi kusa? Sannan, Kawu, in ba zai yi maka nauyi ba, ka faɗa mini ranar ƙarshe.

Taka,
Zulema

Sosúa, 15 ga Agusta, 1989

Malama marubuciya,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Zafi ya yi yawa, wutar lantarki kuma ta fi zama a gidan wasu.

Sanyin hali? Na yi dariya har maƙwabciyata Doña Melba ta leƙo ta katanga ta ce, "Don Felipe, ko dai ka samo budurwa ne ba mu sani ba?" Hinda gajera ce, da baki kamar almakashi. Yaran unguwa gudunta suke yi. Waƙa kuwa, in ta fara har kare yakan bar tsakar gida.

Ranar ƙarshe. Ban taɓa rubuta wannan ba, ki yi haƙuri in ya fito a karkace. Watan Oktoba ne, da safe. Iyayenmu sun riga sun mutu da zazzaɓin da ya cinye unguwar da aka killace mu. Aka tara mu duka a dandalin kasuwa, inda ake sayar da dawakai. Wani soja da sanda a hannu yana nuna dama, yana nuna hagu. Ni shekarata ashirin da ɗaya, ina da kafaɗu, ya nuna mini dama, wato aiki. Ita hagu, wato tashar jirgin ƙasa. A safiyar nan mun yi faɗa da ita a kan takalmi. Ta ce in sa na Baba, na ce ya yi mini yawa, ta ce ni jaki ne. Ban kula ta ba har muka isa dandalin.

Da layinmu ya fara tafiya na waiga. Na hango ta ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta kewaye baki da hannaye, tana ƙwala mini magana. Karnuka suna haushi, mata suna ihu, mota tana ruri. Na ga bakinta yana motsi. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Iyakar abin da na gani ke nan. Takalmin Baba ne a ƙafata, shi ya kai ni ƙarshen sanyin farko a sansani.

Yanzu Jamusawa suna zuwa nan hutu, su kwanta a rairayi su yi ja kamar naman da bai dahu ba. Jiya wata yarinya a cikinsu ta tambaye ni hanyar kantin magani. Na nuna mata. Yarinya ce mai ladabi.

Fishel

Montevideo, 20 ga Oktoba, 1989

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, sai gajiyar jarrabawar ɗalibai. Ka je a duba idon nan, don Allah.

Takardarka ta sa ni kuka, sannan ta sa na yaga babi uku na sake su. Yanzu Hinda ta zama mai baki, kuma littafin ya tashi da rai. Na sa takalmin, na sa dandalin. Na daɗe ina tunanin abin da ta ƙwala maka, sai wata rana a cikin bas ya zo mini: "Ka rayu, Fishel! Ka rayu!" Na san shi ne.

Jiya kuma na kashe Hinda a babi na tara. Shi ne babin da na fi jin tsoro, sati uku ina kewaye shi. Na bi ta cikin tarago, na bi ta har cikin ɗakin da suke sakin iskar guba, tana riƙe da hannun wata tsohuwa. Da na buga layin ƙarshe sai na ji kamar an sauke mini dutse. Wani abokina da ke aiki a gidan buga littattafai ya karanta, ya ce babin ya fi duk sauran kyau.

Saura babi biyu. In na gama, kai ne za ka fara gani.

Taka,
Zulema

Montevideo, 14 ga Janairu, 1990

Kawu Fishel,

Ina gaisuwa. Wata uku ke nan shiru. Na ɗora laifin a kan gidan waya, amma yanzu hankalina ya tashi. Lafiya kuwa? In gwiwar ce ko idon ya hana ka rubutu, ka sa Doña Melba ta rubuto mini ko layi biyu ne.

An yi hutun makaranta, garin ya watse, kowa ya tafi bakin teku. Ni ina gida. Ban ƙara ko shafi ɗaya ba.

Zulema

Montevideo, 18 ga Maris, 1990

Kawu,

Da fatan kana lafiya. Na san kana lafiya, domin na rubuta wa majami'arku, wani Malam Egon ya amsa mini. Ya ce kana nan da ranka, kana cin abinci, kana shan kashi a domino, kuma ya ba ka saƙona ka ce ka ji.

To fushi ne ke nan. Na yi ta juya abin, ina jin na gane. Kana ganin wadda aka haifa a Montevideo, ta tashi da ƙoshi, ba ta da hurumin taɓa wannan labari. Wataƙila gaskiyarka ce. Amma bari in faɗi nawa. Ku da kuka gani kun yi shiru. Mu da ba mu gani ba mun tashi a gidan da ake rage murya in an ambaci wasu sunaye, ba wanda ya ce mana me ya sa. In ban ƙirƙira ba, me zan riƙe? Kai ne ka ce in rubuta abin da na ga dama. In ka janye, ka faɗa mini da bakinka.

Zulema

Sosúa, 2 ga Mayu, 1990

Zulema,

Ina amsa gaisuwarki duka uku. An yi mini aikin ido a birnin Santiago, nan kusa da mu, yanzu ina ganin ƙurar da ke gidana, ban san ko riba ce ba. Egon maƙaryaci ne, shi ke shan kashi.

Ba ki gane ba. Da na ce ki rubuta abin da kika ga dama, nufina ki ƙyale ni. Haka muke cewa a gida in muna son a rufe zance. Ke kika ɗauka izini ne, ni kuma na ga kin yi murna, na kasa gyarawa. Wannan laifina ne. Kuma ban taɓa cewa ba ki da hurumi ba. Jininki ne.

Layi ɗaya ne ya tsayar da ni. "Jiya na kashe Hinda." Na san haka marubuta suke magana, Egon ya yi mini bayani har sau biyu. Ya ce, "Kai tsohon banza, tawada ce fa, ba bindiga ba." Na ce masa ya tattara dominonsa ya bar mini gida.

Ki saurara. Ba wanda ya taɓa gaya mini Hinda ta mutu. Bayan yaƙi, a sansanin waɗanda suka rasa gida, wani mutumin garinmu ya rantse mini ya gan ta a 1944 tana ɗinka rigunan soja a wata masana'anta. Wata mata kuma ta ce akwai yarinyar da ta diro daga tarago a daji, gajera, mai tsiwa. Na rubuta wa duk ofishin da ke neman ɓatattu. Amsa ɗaya suke ba ni: ba mu da labarinta. Ni ba mahaukaci ba ne, na san inda jirgin nan ya nufa, na san mutum nawa suka dawo. Amma shekara arba'in da bakwai ban kunna mata kyandir ba, ban yi mata addu'ar mamata ba, domin ba ni da rana, ba ni da shaida. A kaina tana nan wani wuri, tsohuwa, tana zagin maƙwabta. Sai ga takarda daga Montevideo, an buga da tafireta tsaf, tana cewa an gama, jiya ne, kuma babin ya yi kyau.

Kin shiga ɗakin nan da ita. Zulema, ba wanda ya shiga ɗakin nan ya fito ya ba da labari. Ni na kwana shekara biyu da rabi a sansanoni, ban san abin da ke ciki ba. Ke ta ina kika leƙa?

"Ka rayu" kuma. Hinda ba ta magana irin ta masu wasan kwaikwayo. In zan yi canki, cewa ta yi in ɗaure igiyar takalmina, ko ta ƙarasa zagin da ta fara da safe. Amma ban sani ba. Kin sa mata magana mai daɗi a baki, yanzu in na rufe ido ita nake ji, ta rufe wadda nake ta ƙoƙarin ji tun 1942.

Tunda an fara, bari in ƙarasa. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa na zo nan ban zo wurinku ba? A 1946 Bayla ta gano inda nake, ta rubuto mini. Takardar gajera ce: "Ka zo, akwai ɗaki. Ina Hinda?" Na kasa amsawa. Yaya zan zauna a teburinta kullum tana kallona, ni na bi dama ƙanwarta ta bi hagu, ban ko yi mata sallama ba? Da aka ce ana neman masu kiwon shanu a wani tsibiri, sai na sa hannu. Na san Bayla ta mutu tana riƙe da ni a rai. Tana da gaskiya.

Fishel

Montevideo, 9 ga Yuni, 1990

Kawu Fishel,

Ina gaisuwa, na yi murna da aikin ido. Ni lafiya lau. Sanyi ya dawo.

Ka yafe mini. Na rubuta layin nan kamar mai cewa na gama shara. Ban tsaya na tuna wanda zai buɗe ambulan ba.

Na cire babi na tara daga littafin. Ban ƙone shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba, yana cikin aljihun tebur. Na sake karanta shi sai na ga duk abin da ke ciki daga littattafan wasu na kwaso, har tsohuwar da ta riƙe wa hannu. Abokina na gidan buga littattafai ya ce na lalata aikin. Ya ce, "Zulema, mai karatu ya bi mace shafi ɗari biyu, sai ki bar shi a tsaye a kasuwa? Ai sai ya jefar da littafin." Na ce akwai wanda ya yi shekara arba'in da bakwai a tsaye a kasuwar nan. Ya ce shi ba zai iya kai shi gaba a haka ba. To, a bar shi.

Amma akwai inda kai ma ba ka gane ba, kuma wannan ba ƙirƙira ba ce, da kunnena na ji. Kaka ba ta riƙe ka ba. Ita ta ɗauka kai ne ka riƙe ta. Sati biyu kafin ta rasu ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce mini, "Fishel bai yafe mini ba. Ina nan ina cin nama da burodi fari, su suna can. Na tambaye shi tambayar da bai kamata ba, tun daga nan layi ɗaya yake ba ni a shekara, kuma ya yi mini adalci." Na ce ta rubuta maka mana. Ta ce, "In ce masa me?" Ɗakin da ta ce akwai, shi ne nake kwana a ciki. Har na girma ana ce masa ɗakin Fishel, na zaci sunan wani ɗan haya ne na dā, ban taɓa haɗa shi da mai aiko katin ba.

Na yi ta shawara ko in gaya maka. Ban san ko sauƙi zai kawo maka ko akasinsa ba. Amma naka ne, ba ni da ikon ajiye shi.

Taka,
Zulema

Sosúa, 3 ga Satumba, 1990

'Yata Zulema,

Ina gaisuwa. Kada ki tsorata da jinkirin, wannan karon ba fushi ba ne. Na kwanta kwana goma, likita ya ce hawan jini. Doña Melba ta yi ta kawo mini romon kaza tana mita, wai namiji ba mata kamar gida ba rufi ne, kuma ita ba ta da niyyar zama rufin kowa. Na miƙe yanzu.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Sauƙi ko akasinsa, kika ce. Duka biyu. Jirgin sama daga nan zuwa wurinku kwana ɗaya ne. Kwana ɗaya, Zulema.

Ranar Juma'a da yamma na sa farar riga na tafi majami'a, karo na farko tun rasuwar Ercilia. Na ce ina so in yi wa yayata addu'ar mamata. Kin san sai an cika maza goma. Muka ƙirga, mu shida ne, har da wanda barci ya kwashe. Egon ya ce, "Bari in sauka bakin ruwa in ɗebo Jamusawa huɗu, ai sun ci bashinmu." Ba wanda ya yi dariya sai shi. Addu'a ba ta yiwu ba. Sai na zauna a bencin gaba na ba su labarin Bayla, ɗan abin da na sani, wanda bai wuce na yaro ɗan shekara takwas ba. Suka saurara, suka ce amin duk da ba addu'a ba ce. Na dawo gida na kunna mata kyandir.

Na Hinda ban kunna ba tukuna. Kada ki tambaye ni yaushe.

Littafinki kuwa, kada ki bar shi a aljihun tebur saboda ni. Ki ƙirƙiro ranakun da ba ki sani ba, na yarda, wannan karon da gaske nake. Ki ba ta saurayi in kina so, akwai wani mai gyaran agogo da ta kora har sau biyu. Amma ki tsaya a dandalin. Ki bar bakinta a buɗe, kada ki sa komai a ciki. Na haɗo miki da shafi tara na abin da na tuna game da ita, da rubutun kazata. Akwai ranar da ta mari ɗan mai gidan hayarmu, akwai yadda take riƙe allura a baki tana faɗa ba ta taɓa haɗiyewa ba. Ki ɗauki wanda ya yi miki.

Ina da roƙo ɗaya. Ki aiko mini da hoton Bayla na tsufa. Rabona da ganin fuskarta tun tana 'yar shekara ashirin da ɗaya. Kada ki tsaya zaɓen mai kyau, ki ɗauko duk wanda hannunki ya fara kaiwa. Idona ya gyaru, zan gane ta.

Kawunki,
Fishel